Jinga ko kuɗin sati? Maganar yaran shagon ɗinki

Alhaji Tela, Sabon Gari: Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ƙaramar Sallah, ina so masu yara a ƙarƙashinsu su ba ni shawara. Yara shida gare ni a shago. Da can kuɗin sati nake ba su, kowa gwargwadon daɗewarsa, ga abincin rana, ga na sabulu. To bana da azumi ya kama, kaya suka taru har bisa teburin yanka, shadda kan shadda, sai na ce daga yau jinga za mu yi: duk wanda ya haɗa riga da wando ya gama, jika guda, wato sefa dubu, tasa ce. Wallahi ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Yaron da sai na aika an taso shi daga barci, shi ke rigana zuwa bakin ƙofa. Ana shan ruwa, ko kunun ba su shanye ba sun koma kan keke. In an ɗauke kuran su jawo keken ƙafa, su ɗaura fitila a goshi. Ɗinkin sati biyu muka tashe shi a kwana takwas.

Sai bayan Sallah kaya suka fara dawowa. Wani aljihunsa ɗaya ya fi ɗaya zurfi. Wani kalmasar wandonsa ta warware a filin Idi, ya zo mini riƙe da ƙafar wando kamar mai tsallaka gulbi. Maɓallai kuwa zare biyu aka sa musu, ka taɓa su zube. Wani da nake yi wa ɗinki shekara goma sha biyar bai ce mini uffan ba, yaro kawai ya aiko ya karɓi sauran yadinsa. Wannan ta fi mini zagi ciwo. Ga kuma abin da ban zata ba: ba mai son guga, ba mai share shago, ba mai zama ya nuna wa ƙaraminsu yadda ake sa wuya, don duk waɗannan ba jika a kansu. Har dambe aka kusa yi kan almakashi. Ga babbar Sallah na tafe. In koma kuɗin sati, ko in ci gaba da jinga?

Ɗan kabu-kabu: Alhaji ba lalacewa yaran suka yi ba, lissafi suka iya. Ni shekara biyu na yi ina tuƙa babur ɗin wani, kullum da dare in kai masa kuɗinsa na yini, abin da ya saura nawa. A lokacin ban san rami ba, ban san dutse ba. Baƙin mai sai ya yi wata biyu ban juye ba. Daga baya wani bawan Allah ya saya mini sabo, da sharaɗin in riƙa biya a hankali, ranar da na cika ya zama nawa. Ku zo ku ga yadda nake goge shi da asuba, har mai ɗakina ta fara kishi. Ni ne dai, hannuna ne dai, hanyar Tibiri ce dai.

Baba na Jiratawa: Alhaji, abin da ka gani bisa keke mu mun daɗe da ganinshi bisa hauya. In ka ɗauki ƴan ƙwadago na yini, sai ka tsaya kansu, in ba haka ba kowane layi biyu sai an sha ruwa, an zauna gyaran ƙota. In ka ba su jinga, kafin azahar sun tashi, gona ta yi fes daga nesa. Ka dawo bayan kwana huɗu in an yi ruwa, ciyawa duk ta miƙe tsaye tana kallonka, don rufe ta suka yi da ƙasa, ba su tuge ta ba. Shi ya sa in na ba da jinga rabi nika biya, sauran sai bayan kwana uku mun zaga gonar tare. Wanda ya san aikinshi bai taɓa yi mini musu kan wanga ba.

Kuma ku yaran yanzu ba ku san gandu da gamana ba. Gandu gonar gida ce, hatsinta na rumbun maigida, daga ciki ake ci, ake biyan haraji. Gamana ɗan yanki ne da ake yanka wa saurayi ko mace, abin da ya fito nashi ne. Mu da muna samari, ranakun gandu rana na take tsaka mun fara duban inuwa. Amma gamana? Sai magariba ta kore mu. Tsoffinmu ba su yi lakwal ba, amma sun san in ba ka yanka wa yaro gamana ba, zai tafi cin rani Kano ya manta hanyar gida.

Ɗaliba daga jami'ar Ɗan Dikko: Ina wuni Baba, ina wuni Alhaji. Ku yi haƙuri in sa baki cikin manya. An yi mana darasi kan wannan. Akwai wani kamfanin Amurka mai suna Safelite da ke sa wa motoci gilashin gaba. A 1994 da 1995 ya sauya daga biyan awa zuwa biya bisa kowane gilashi. Wani masani, Edward Lazear, ya bi lissafinsu ya ga aikin kowane ma'aikaci ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Kusan rabin ƙarin daga dagewar mutanen da ke wurin ne, sauran kuma don masu hanzari sun shigo, masu nawa sun bari. To amma abu biyu suka yi da Alhaji bai yi ba. Sun bar wa kowa wani kuɗi tsayayye da ba zai sauka ƙasa da shi ba ko aiki ya yi ƙaranci, kuma gilashin da aka sa ba daidai ba sai a sake sa shi ba biya.

Ɗaya labarin kuma na dariya ne. A 1902 Turawan Faransa da ke mulkin Hanoi, a ƙasar Biyetnam, ɓeraye suka addabe su a magudanan ruwa. Suka ce duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera za a biya shi. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa. Can sai aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo a gari. Mutane na yanke wutsiya su saki ɓeran ya je ya haihu. Har masu kiwon ɓera aka kama a bayan gari.

Ɗan kabu-kabu: Da a nan aka yi, wallahi da tuni an buɗe layin ƴan wutsiya a Babbar Kasuwa, da dillalai da la'adarsu.

Alhaji Tela, Sabon Gari: Ke ƴata, wato wutsiya na saya ke nan a jika guda. Allah ya yi miki albarka, na ji.

Ɗan kasuwa, Ali Ɗan Sofo: Ni duk ban ga abin dogon bayani ba. Kuɗi ne ke sa aiki. Duk wanda ya ce ba don kuɗi yake yi ba, a riƙe masa na wata biyu mu ga kishin nasa. Alhaji ka ci gaba da jinga, wanda ya ɓata riga ka cire kuɗin yadin daga nasa. Sau ɗaya za ka yi, sauran su shiga taitayinsu.

Tsohon ma'aikacin gona: Ɗan kasuwa, bari in ba ka labarin da ya faru a nan ƙasarmu, ba Amurka ba. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna yunwar 1984, wadda mutane suka sa wa suna El Buhari don a shekarar Janar Buhari, shugaban Najeriya na lokacin, ya rufe iyaka. A lokacin in ka bi hanyar ƙauyukan Maradi, gonaki fayau suke, iska na kwasar rairayi tana binne shuka, sai mutum ya yi shuka sau biyu sau uku. An yi ta dasa itatuwa daga gandun renon iri, mafi yawansu suna mutuwa. Akwai wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a nan. Shi ya lura a 1983 cewa ƴan tsirran da muke sassabewa kowace bazara, sabara da kalgo da sauransu, ba ciyayi ba ne, itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. In ka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, sai su tashi. Shi ne ake kira sassaben zamani.

To da yunwa ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, a ba ka hatsi. Ƙauyuka kusan ɗari suka shiga, aka bar itatuwa wajen 500,000. Ka ga lada ta yi aiki ko? Da aka daina rabon, kusan kashi biyu cikin uku aka sare. Mutane dama ba itace suke reno ba, buhu suke reno.

Amma waɗanda suka bari, su suka ga abin da ido. Matansu suka daina tafiyar rabin yini neman itacen girki. Gawo yana zubar da ganye da damina, bai hana hatsi rana, ƴaƴansa kuma awaki na rububinsu da rani. Mutum ya datse reshe ya kai kasuwa. Sai maƙwabci ya leƙo ya ce yaya ka yi? Babban abin da ya riƙe mutane da farko kuwa tsoron ma'aikatan gandun daji ne. A lokacin itace na hukuma ne, ka sare reshe a gonarka a ci ka tara, to wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, abin ya bazu ba mai raba ko tiya guda. Ku je Ɗan Saga wajen Agye ku ga yadda ƴan ƙauye suka kafa masu tsaron itatuwansu da kansu. Masu bincike sun ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a Maradi da Damagaram. Ban ce kuɗi ba ya sa aiki ba. Na ce ka duba ranar da ka daina bayarwa.

Ɗan kasuwa, Ali Ɗan Sofo: Baba ai ka zo wurina. Itacen da ya kai kasuwa ba kuɗi ba ne?

Tsohon ma'aikacin gona: Kuɗi ne, amma ba daga hannun wani yake jiransu ba. Kuma ba ya iya yi wa itacensa ha'inci yadda zai yi wa mai rabon hatsi.

Mushe, ɗan kwantiragi: Ku kuna maganar wace irin lada ta fi, mu muna maganar ta zo ma tukun. Na yi shekaru ina koyarwa a wani ƙauye, yara sun fi saba'in a ajin da aka yi da zana. Akwai lokacin da kuɗinmu ya yi jinkiri har mai butiki ya daina amsa sallamata. Da safe ina rubutu a allo, raina na kan bashin shinkafa. Sai wani babba ya zo zagaye ya yi mana wa'azin kishin ƙasa, ya shiga mota mai sanyi ya tafi. Ba na ƙin kishi, don shi ya riƙe ni. Amma kuɗi kaɗan da ka san ranar zuwansa ya fi mai yawa da kake zuba ido.

Ɗaliba daga jami'ar Ɗan Dikko: Mushe, akwai gwajin da aka yi a Indiya, yankin Udaipur, masu bincike su Esther Duflo suka bi shi. An ba malaman ƙauye na'urar hoto mai nuna rana da lokaci, a ɗauke su da ɗalibai safe da tashi, a biya su bisa kwanakin da suka zo. Rashin zuwa ya sauka daga kashi 42 zuwa 21, kuma yaran sun ƙaru a jarrabawa.

Mushe, ɗan kwantiragi: Na yarda ƙanwata. A kawo na'urar, ni zan fara tsayawa gabanta. Amma a kai guda ofishin masu biyanmu, su ma a riƙa ɗaukarsu ranar talatin ga wata.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli: Mushe ka gama magana! Ni dai ga abin da na gani. Mata biyar ke taya ni suya da matsar mai. Kowace na san abin da nake ba ta, ba ya canzawa. Amma ranar da mai ya fito da kyau, sai in ɗebi kwalba guda in ce wance kai wa yara. Ba kullum ba, ba kuma alkawari. Ranar za ka ga har turmi an wanke ba a ce ba. Sau ɗaya na yi kuskure na ce duk Juma'a akwai kwalba. Juma'a ta uku gyaɗa ta yi tsada ban bayar ba, sai ga fuska a murtuke kamar na ci musu gado. Tukwici in ya zama ka'ida ya tashi daga tukwici, ya koma bashi.

Kuma Alhaji kar ka raina yabo. Mu da muka ga gayya, nawa ake biyan samari? Fura ce da tuwo. Amma makaɗi na bayansu yana kiran sunan uban kowa, ƴan mata na kallo daga bakin gona, sai ka ga mutum yana noma kamar zai tsaga ƙasa. Ko kokowa, tun 1975 da aka fara ta ƙasa a Tawa, Kantu namu na Maradi ya ɗauko takobi, an ba da kyaututtuka iri-iri, wa ke tuna su? Takobin ake tunawa. Kai ka taɓa kiran yaro gaban mai kaya ka ce wannan ne ya ɗinka maka?

Alhaji Tela, Sabon Gari: Hajiya gaskiya ban taɓa ba. In an yaba ni nake amsawa, in an kushe in kira su.

Ɗaliba daga jami'ar Ɗan Dikko: Inna, maganar kwalbarki an gwada ta da yara ƙanana a jami'ar Stanford a 1973. Yara ne masu son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu aka ba su ba zato bayan sun gama, wasu ba a ba su komai ba. Bayan kwanaki aka bar musu alƙaluman ba lada. Waɗanda aka yi wa alkawari su suka fi ja baya da zanen. Na ba zato ba su canza ba.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli: To da sun zo Mokoyo sun tambaye ni, da ban sa su wahalar da ƴaƴan mutane ba.

Malam na Limanci: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Shari'a ta san hanyoyin nan biyu. Akwai ijara, ka ɗauki mutum aiki sananne da lada sananniya. Akwai ji'ala, ka ce duk wanda ya yi kaza yana da kaza, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 72, inda aka sa kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. A ji'ala ba a cancanci lada sai an kammala aiki. To wandon da ya warware a filin Idi an kammala shi? Matsalar, Alhaji, ba ka faɗa musu tun farko mene ne kammalawa ba. Ka ce a haɗa, sun haɗa.

Shawarar ɗan kasuwa kuma a yi hattara da ita. A mazhabarmu ta Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan mutane da aka ba shi, wato mai shadda kai zai bi, kai ka karɓa. Ka juya ka zabtare ladar yaro bayan ya gama, ba tare da kun yi wannan sharaɗi ba, akwai haɗari a ciki. Hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe. Irin ta Baba na Jiratawa, rabi yanzu rabi bayan dubawa, in an yi yarjejeniya a kai tun kafin a fara, ban ga laifinta ba. Allah ne mafi sani.

Tela a Katsina, ɗan Bagalam: Na yi shiru tun ɗazu don Alhaji sa'an mahaifina ne, amma a yi mini afuwa. Ni yaron shago ne da, a nan Maradi, ba wurin Alhaji ba. Shekara tara na yi wa maigidana. Ni ke yanka, ni ke buɗe shago, ni ke rufewa. Duk Sallah sai ya ce bana in Allah ya yarda zan sallame ka, in saya maka keke. Sallah tara. Ranar da na gane ba ranar, daga ranar na daina duba bayan ɗinki. Ba mugunta ba ce, hannun ne kawai ya mutu. Na tsallaka ta Ɗan Isa da jakar leda guda, yau ina da keke huɗu.

Baba Alhaji, tambaya biyu. Kuɗin satin da kake ba babbansu, in ka tara na wata, ya kai jika 42 da hukuma ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi tun farkon 2024? Na biyu, shekararsa nawa a wurinka, kuma ya san ranar sallamarsa? Don yaron da ya ga jika a kan kowace riga bayan shekaru yana karɓar na sabulu, ba zai tsaya ƙarfafa maɓalli ba. Gani yake kasuwa ce ta ci yau, gobe ba ta.

Ɗan kasuwa, Ali Ɗan Sofo: Kai kuma ka zo da naka. In ya sallame shi ai kishiya ya yi wa kansa, gobe ya buɗe shago a gabansa ya kwashe masa mutane.

Baba na Jiratawa: In bai sallame shi ba ma zai buɗe. Bambancin ko ya riƙa gaishe shi.

Alhaji Tela, Sabon Gari: Salamu alaikum, kwana uku ban leƙo ba. Ɗan Bagalam, tambayarka ta hana ni barci. Ta farko, bai kai ba, ko da na haɗa da abinci. Ta biyu, shekararsa bakwai.

Ga abin da muka yi jiya bayan la'asar. Na tara su na ce kuɗin sati na nan. Bisa kowane riga da wando akwai dala ɗari, wato rabin jika, amma sai kaya sun yi sati a hannun mai su ba su dawo ba. Kowa na ba shi kalar zarensa da zai yi ɗan alama a cikin aljihu, in kaya sun dawo mun san mai gyara, in an yaba mun san mai amsawa. Guga da shara mun sa su bi da bi. Ƙaramin kuma na haɗa shi da na biyunsu, duk rigar da ya koya masa har ya haɗa, ladar ta su biyu ce. Malam, duk a gaban maƙwabcina mai sai da zare aka yi, ya zama shaida.

Da suka watse na tsai da babban. Ashe wata huɗu ke nan in mun rufe yana zuwa wani shago a unguwar Zariya yana ɗinkin dare, yana tara kuɗin keke. Shi ya sa yake gyangyaɗi da rana, ni kuwa ina ce masa malalaci. Na ce masa bayan babbar Sallah da sati biyu zan sallame shi, da keke, da almakashi, da mutum uku cikin masu kawo mini ɗinki. Na zaci zai yi godiya ko ya yi kuka. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, Baba wane keken?

Tela a Katsina, ɗan Bagalam: Hahaha, yaron nan tela ne. Me ka ce masa?

Alhaji Tela, Sabon Gari: Na ce baƙin nan na bakin taga. Ya ce wannan tsallaken zare yake yi. Muna kan magana.